Ga Zaƙi Ga Harbi: Zuma, Sukari da Mai Ciwon Hanji

Akwai wani ciwon ciki da ba ya kwantar da mutum, kuma ba ya barinsa ya sake. Mai shi yana zuwa gona, yana cin kasuwa, yana bin jam'i a masallaci, amma kullum hankalinsa na kan cikinsa. Yau kumburi, gobe murɗa, jibi gudawa, gata kuma bayan gida ya ƙi fita sai da nishi. A Tozai da sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan mutum ya kai kukansa ga dangi, amsar kusan ɗaya ce: "Basir ne, ka rage shan zaƙi." Daga nan sai ya kama shan jiƙo, ya yi sallama da sukari, ya koma ga zuma da dabino tunda an ce su ne na asali. Wani yakan samu sauƙi. Wani kuwa abin gaba yake yi, ya rasa inda gizo ke saƙa.

Maganar dangi tana da ƙamshin gaskiya, domin zaƙi yana da hannu a lamarin. Sai dai zaƙi iri-iri ne, kuma hanji ba ya karɓarsu daidai wa daida. Abin da ke tayar da ciki shi ne irin zaƙin da aka sha, da yawan da aka tara a zama ɗaya. Wanda ya fahimci waɗannan biyun zai iya gano ma'aunin cikinsa da kansa, ba tare da ya haramta wa bakinsa duk wani abin daɗi ba. Za mu bi bayanin daki-daki.

Mataki na farko: a tabbatar da ciwon

Likitoci suna kiran wannan lalura IBS a taƙaice, mu kuma za mu kira ta harzuƙar hanji. Ana gane ta ne da alamomi, bisa ƙa'idar da ƙwararru suka fitar a 2016, wadda ake kira ƙa'idar Roma ta huɗu. Sharaɗinta shi ne mutum ya riƙa jin ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a kowane mako cikin wata uku da suka wuce, kuma ya kai wata shida da fara ji. Sannan a samu biyu daga cikin abubuwa uku: ciwon yana da alaƙa da yin bayan gida, ko yawan zuwa bayan gidan ya sauya, ko kamanninsa sun sauya. Wani gudawa ce ta fi damunsa, wani taurin bayan gida, wani kuma yau wannan gobe wancan. Ana ƙiyasta masu ita a duniya tsakanin mutum 4 da 10 cikin 100, gwargwadon tsaurin ma'aunin da aka yi amfani da shi, kuma mata sun fi maza yawa.

Idan aka leƙa hanjin mai wannan lalura ba a ganin gyambo ko ƙari. Matsalar tana cikin saƙon da ke kai da komo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa: hanjin ya zama mai saurin jin zafi, motsinsa kuma ya rikice. Ba ta rikiɗa ta zama ciwon daji, ba ta rage tsawon rai, amma tana hana jin daɗin rayuwa. Sau da yawa tana biyo bayan muguwar gudawa, don kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi gudawa mai tsanani ta ƙwayoyin cuta sukan ci gaba da fama da ita bayan sun warke. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da amai da gudawa ke ziyarta kusan kowace damina, kamar yadda ya yi wa Jihar Sakkwato ɓarna a 2021.

Kafin mutum ya yanke wa kansa hukunci, dole ya ga ma'aikacin lafiya. A yankinmu tsutsar ciki, da ƙwayoyin atini, da gyambon ciki, da taifot, da tarin fuka na ciki, duk suna iya zuwa da kama ɗaya, kuma kowanne da maganinsa. Gwajin bayan gida da na jini su ne farkon abin yi, a babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su: jini a bayan gida ko baƙin bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi mai nacewa, gudawar da ke tashin mutum daga barci, ƙullutu a ciki, ko ciwon ya fara bayan mutum ya haura shekara 50. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nemi a tura shi ga ƙwararru, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Duk bayanin da ke tafe na wanda aka riga aka duba ne.

Mataki na biyu: abin da ke faruwa bayan an haɗiye

Abinci yakan bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita shida. A nan jiki ke tsotse abin amfani ya kai shi jini. Abin da ya rage sai ya gangara babban hanji, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, inda ɗimbin ƙananan halittu masu amfani suke zaune. Idan zaƙi ya tsotsu tun a ƙaramin hanji, magana ta ƙare. Idan kuwa ya kuɓuce, abu biyu ne ke faruwa.

Na farko, yana jawo ruwa zuwa cikin hanji. Shi ya sa ake gargaɗin iyaye mata su kiyaye ma'auni wajen haɗa ruwan gishiri da sukari, wato cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, don idan sukarin ya zarce, gudawar ƙaruwa take yi. Na biyu, idan ya isa babban hanji, halittun can sukan far masa da ci, su fitar da iska. Duk matar da ke tuyar waina ta san wannan aiki: ta zuba wa ƙullu ɗan sukari ta rufe, kafin safiya ya kumbura ya cika roba yana kumfa. Irin wannan tashin ne ke faruwa a cikin mutum, shi ke kawo ƙugi da kumburi da yawan fitar iska.

To me ya sa mutum biyu za su sha abu ɗaya, ɗaya ya kwana lafiya ɗaya ya kwana juyi? Masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun duba wannan da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, suka wallafa sakamakon a 2017. Sun ba masu harzuƙar hanji da masu lafiya irin zaƙi ɗaya, suka ga ruwa da iskar da suka taru a hanjin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen ji: miƙewar da hanjin mai lafiya ke ɗauka shiru, hanjin mai lalura yana kai ƙararta ga ƙwaƙwalwa a matsayin ciwo. Saboda haka ciwon na gaskiya ne, ba raki ba ne, kuma ba alamar hanji yana lalacewa ba ce.

A 2005 wasu masana biyu a birnin Melbon na Ostireliya, Peter Gibson da Sue Shepherd, suka tattara ire-iren zaƙi da dangoginsa masu wuyar tsotsuwa a ƙarƙashin suna ɗaya, FODMAP. Jami'ar Monash ta can ta ci gaba da auna abinci ɗaya bayan ɗaya don sanin yawan su a ciki. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa rage su yana sauƙaƙa wa fiye da rabin masu lalurar, a wasu binciken har uku cikin huɗu.

Mataki na uku: a rarrabe kayan zaƙinmu

A fara da sukari, wanda aka fi ɗora wa laifi. Kowace ƙwayarsa haɗin abu biyu ce daidai da daidai: gulukos da furuktos. Gulukos yana tsotsuwa da sauri. Furuktos kuwa ƙofarsa ƙarama ce, a hankali yake shiga, amma idan yana tare da gulukos daidai yawansa, sai gulukos ya ja shi su shige tare. Wannan ne dalilin da ya sa cokali ɗaya ko biyu na sukari a koko ba ya tayar wa akasarin masu wannan lalura ciki. Akwai 'yan tsiraru da hanjinsu ke da ƙarancin sinadarin da ke raba ƙwayar sukari, waɗanda ko shi ma yana damunsu, kuma gwajin da za mu bayyana a gaba zai nuna su.

Rake, irin wanda ake nomawa a fadamun gulbin Rima, da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwansa, wadda ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita, zaƙinsu dangin na sukari ne. Ɗan gutsuren mazarƙwaila a kunu yana bin hukuncin cokalin sukari.

Zuma kuwa labarinta daban. A cikin gram 100 na zuma akwai furuktos kimanin gram 38, gulukos kimanin 31. Wannan rarar furuktos ɗin da ba ta da abokin tafiya ita ce ke iya kuɓucewa zuwa babban hanji. A 1995 likitoci a Atina ta ƙasar Girka sun ba mutum 20 masu ƙoshin lafiya zuma mai yawa, suka ga da dama daga cikinsu ba su tsotse ta duka ba, wasu har cikinsu ya saki. Ma'aunin Monash ya nuna cokalin shayi ɗaya, kimanin gram 7, yana cikin abin da akasarin masu lalurar ke ɗauka, babban cokali kuwa ya zarce. Matsayin zuma a wurin Musulmi ba abin ja ba ne, an ambace ta da waraka a Suratun Nahli, kuma ko a asibitocin zamani ana sa ta a kan ƙuna da gyambo. Amma kowane magani da ma'auninsa, kuma wanda ya bar cokali biyu na sukari ya koma kwarara zuma a hura da shayi safe da yamma, yana iya ƙara wa kansa kumburi yana zaton gyara yake yi. Wani abin lura: zumar da ke daskarewa ta yi tsakuwa-tsakuwa, wadda mutane ke zargi da algus, sau da yawa gulukos ne ya yi mata yawa, kuma hakan ɗabi'ar zuma ce ta ƙwarai. Wadda ke daɗewa a narke ita ta fi rarar furuktos.

Dabino, ko na Agadas ne ko na Aljeriya ko na Dutse, yana ɗauke da wasu abubuwa biyu masu wuyar tsotsuwa, sobitol da furuktan. Furuktan sarƙa ce ta furuktos wadda babu ɗan Adam da hanjinsa ke iya tsinka ta, don haka kai tsaye take wucewa babban hanji. Kimanin gram 30, wato ƙananan busassun dabino uku zuwa biyar, ba ya damun mafi yawa. Matsalar tana farawa ne idan aka jiƙa shi da yawa aka niƙa a kunun aya a madadin sukari, don kofi ɗaya zai iya ɗaukar abin da mutum ba zai tauna a zama ɗaya ba.

Sai madara, wadda mutane ba sa lissafa ta cikin zaƙi alhali tana da nata sukarin, wato laktos, kusan gram 5 a kowace mililita 100. Jariri yana narkar da shi sarai, amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya wannan ƙarfi yana raguwa gare su bayan yaye. Binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka yi a Najeriya, aka wallafa a 1971, ya nuna akasarin Fulani makiyaya suna riƙe da ƙarfin har girma, yayin da mafi yawan sauran al'ummu suke rasa shi. A ƙasar Gobir, inda Hausawa da Fulani da Buzaye suka daɗe da cuɗanya, za a samu gida ɗaya wa yana shan madara lafiya, ƙane kuwa tana murɗa masa ciki. Madarar gwangwani an ƙafe ruwanta, saboda haka laktos ɗinta ya ninka na ɗanyar madara. Madarar gari da mai kauri mai zaƙi ma haka suke, da duk abin da ake yi da su, irin su tuwon madara da gullisuwa da alewar madara. Kindirmo da nonon da ya yi tsami sun fi sauƙi, domin halittun da suka tsamar da shi sun cinye wani kaso na laktos, kuma suna taimakawa wajen narkar da sauran. Man shanu kuwa kusan babu laktos a cikinsa.

Akwai zaƙin da ke ɓoye a kayan kanti. Cingam da alewar da aka rubuta musu cewa babu sukari, da wasu magungunan tari na ruwa, da kayan da ake tallata wa masu ciwon sukari, galibi da sobitol ko manitol ko dangoginsu ake zaƙaƙa su. Waɗannan ko mai lafiya ya sha da yawa cikinsa zai saki. Lemon kwali na tuffa yana haɗa rarar furuktos da sobitol wuri ɗaya. Sakarin da wasu masu kunu da zoɓo ke sawa don rage tsadar sukari ba ya cikin masu kumbura ciki ta wannan hanya, amma binciken da aka wallafa a 2014 da 2022 ya nuna yana iya sauya yanayin halittun hanji, don haka bai dace a mayar da shi abin kullum ba.

A cikin 'ya'yan itatuwa, mangwaro yana da rarar furuktos, kankana kuwa ta haɗa iri uku na masu wuyar tsotsuwa. Lemon zaƙi, da abarba, da gwanda sun fi sauƙi idan ba a cika ciki da su ba. Tsamiya da aduwa tun kaka da kakanni an san suna sakin ciki, don haka suna iya zama taimako ga mai taurin bayan gida, su zama fitina ga mai gudawa. Maɗin ɗinya, da garin ɗorawa, da magarya, da kanya, da goruba, kowannensu sai a bi shi da gwaji, ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu: haɗuwar kaya a zama ɗaya

Hanji ba ya lissafa abinci ɗai-ɗai, jimilla yake gani. Ɗan abin da zai wuce lafiya shi kaɗai yakan zama matsala idan ya tarar da 'yan'uwansa. A duba teburin mai shayi: kofi babba, madarar gwangwani rabi, garin koko mai madara a ciki, burodin alkama mai furuktan, da ƙwai da aka soya da albasa mai yawa. Albasa da tafarnuwa, waɗanda yankinmu ya yi fice wajen nomansu daga Goronyo har Galmi, suna sahun gaba wajen yawan furuktan. Ga kuma ganyen shayin kansa, wanda idan ya yi kauri yana zaburar da hanji kamar yadda goro ke yi. Wanda cikinsa ya rikice bayan wannan karin kumallo yakan ce sukari ne, alhali sukarin ne ya fi kowa ƙarancin laifi a teburin.

Haka abin yake a kayan biki. Alkaki alkama ce da aka tsoma a zuma, wato furuktan da rarar furuktos a dunƙule ɗaya. Nakiya kuwa tushenta shinkafa ne, kuma shinkafa, da gero, da dawa, da masara duk masu sauƙi ne a hanji. Wannan babbar sa'a ce gare mu: tuwonmu da hurarmu da kununmu ba su ne matsalar ba, abin da ake zuba musu ne ke buƙatar lura.

Buɗa-baki a watan azumi shi ne wurin da kaya suka fi haɗuwa, musamman idan azumin ya faɗo a bazara. Dabino, kankana, mangwaro, kunun aya, ƙosan wake da albasa, duk cikin rabin sa'a a kan cikin da ya wuni babu komai. Gyaran mai sauƙi ne. A buɗe baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi sallar Magariba, a sha kunun gero da ɗan sukari, a zaɓi ɗan itace guda, sauran a bar su sai bayan Isha'i ko gobe. Tazarar awa uku zuwa huɗu tsakanin kayan da ake zargi tana ba hanji damar sauke na farko kafin na biyu ya iso.

Mataki na biyar: yadda ake gwaji

Gwajin zango uku ne, kuma an fi so a yi shi da shawarar likita ko masanin abinci.

Zango na farko shi ne sauke kaya, na tsawon mako biyu zuwa shida, ba fiye ba. A ajiye zuma, da dabino mai yawa, da madara kowace iri, da mangwaro, da kankana, da cingam, da lemon kwali. A rage alkama da wake da albasa da tafarnuwa. Mai son ƙamshin albasa ya yi amfani da koren ganyenta, wato lawashi, ko a soya ta a mai a tsame ta kafin a zuba ruwa, domin furuktan ba ya narkewa a mai. A ci gaba da tuwo, da shinkafa, da miyar kuɓewa ko ta ganye, da nama, da kifi, da ƙwai, da gyaɗa daidai gwargwado. Zaƙi kuwa a tsaya ga cokali ɗaya ko biyu na sukari. Idan mako huɗu zuwa shida suka wuce babu wani sauyi, to waɗannan abinci ba su ne sila ba. A koma cin komai, a koma wurin likita.

Zango na biyu, ga wanda ya samu sauƙi, shi ne mayar da kaya ɗaya-ɗaya. A ɗauki zuma: ranar farko cokalin shayi ɗaya, rana ta biyu cokali biyu, ta uku babban cokali ɗaya. Sauran abinci kada a sauya komai. Daga nan a huta kwana biyu ko uku har ciki ya lafa, sannan a ɗauki madara: rubu'in kofi, rabin kofi, kofi cikakke. Sai kindirmo shi ma daban, sai dabino, sai mangwaro, sai burodi, sai albasa, sai wake. Idan ciwo ya taso a rana ta biyu, a tsaya nan, an gano iyaka. A riƙa rubuta abin da aka ci da abin da aka ji, da boko ko da ajami, ko a naɗi murya a waya. Kada a yi saurin ɗora laifi a kan loma ta ƙarshe, domin abinci yakan ɗauki awa huɗu zuwa kwana guda kafin aikinsa ya bayyana a babban hanji. Murɗar da ke zuwa ana gama cin abinci sau da yawa ta abin da aka ci ɗazu ce ko jiya, sabon abincin ya zaburar da hanji ne kawai. Wannan zango yakan ci wata biyu zuwa uku, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Zango na uku shi ne zaman yau da kullum. Duk abin da ciki ya karɓa a mayar da shi, wanda ya karɓa kaɗan a tsaya a kaɗan ɗin, wanda ya ƙi a ajiye shi. Yawancin mutane sukan tarar abu ɗaya ko biyu ne kawai ke damunsu.

Abubuwan kiyayewa

Sauƙin da sukari ke da shi a hanji bai wanke shi daga sauran illolinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa zaƙin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma, kada ya wuce kimanin gram 50 a rana ga baligi, wato cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali tara. Mai ciwon sukari kuma umarnin likitansa ne a gaba, zuma da dabino da mazarƙwaila duk suna ɗaga masa sukarin jini.

Ba a yi wa yara wannan gwaji, ko mai juna biyu, ko mai shayarwa, ko wanda ya riga ya rame, sai da kulawar asibiti. A ƙasar da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma gonakinsu, wake da nono su ne naman talaka, kuma hana su na dogon lokaci ya fi kumburin ciki haɗari. Daɗewa a zango na farko yana kuma rage halittu masu amfani a hanji, don waɗannan abubuwan da ke kawo iska su ne abincinsu.

Sannan abinci ba shi kaɗai ke magana ba. Tunda lalurar tana tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, fargaba da rashin barci suna rage abin da ciki ke iya ɗauka. Mutanen gabashin Sakkwato sun shafe shekaru suna kwana da ido ɗaya, wasu sun bar ƙauyukansu zuwa cikin Isa da Sabon Birni, wasu sun tsallaka ƙasar Maraɗi. Ba abin mamaki ba ne cokalin zumar da ya wuce lafiya a makon kwanciyar hankali ya tayar da ciki a makon tashin hankali. Don haka kada a yi gwaji a lokacin rashin lafiya, ko tafiya, ko firgici, kuma mata su kauce wa kwanakin al'ada, don sakamakon zai ruɗe. Cin abinci a kan lokaci, da tauna shi sosai, da shan ruwa mai tsabta, da tafiyar ƙafa, da samun wanda za a faɗa wa damuwa, duk suna cikin magani.

Iyakar da mutum ya gano yau ba ta dindindin ba ce. Hanji yana sauyawa da lafiyar jiki da kwanciyar rai, don haka abin da ciki ya ƙi a bana a sake gwada shi bayan wata uku zuwa shida, daga ƙaramin ma'auni. Manufar duk wannan aiki ita ce mutum ya ci abinci iri-iri gwargwadon abin da cikinsa zai ɗauka, ya zauna a faranti ɗaya da iyalinsa, ya san wanda zai ɗiba da yawa da wanda zai ɗanɗana kawai. Mutanen gida kuma su taimaka masa: idan ya ce a zuba masa hura ba madara, ko ya ɗauki alkaki ɗaya ya ture sauran, a karɓi uzurinsa ba tare da an ce yana da tsirfa ba.